Kafin A Ce Yaushe Zai Tashi, A Tambayi Me Ya Kayar Da Shi

A kan bencin jiran layi na sashen gashi, inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, a wani asibiti a nan Kano, na fara fahimtar abin da nake so in faɗa yau a kan shanyewar ɓarin jiki. Wata bakwai na yi ina kai ɗan kawuna wurin, Litinin da Alhamis. Tela ne, shekararsa 34, 'ya'yansa uku. Ana saura kwana tara ƙaramar Sallah ɗinki ya yi masa katutu, ya kwana biyu a shago bai runtsa ba, ya dawo gida ya yi sahur, ya shiga bayi, shiru bai fito ba. Da aka ɓalle ƙyauren aka tarar da shi a ƙasa, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki, yana ta ƙoƙarin magana kalma ta ƙi fitowa.

Benci ɗaya muke zama da wani saurayi mai tuƙa Adaidaita Sahu wanda bai cika talatin ba. Shi ma ɓari guda ne ya shanye, kuma tsakanin faɗuwarsu bai fi mako ba. Kafin wata uku yaron ya jingine sanda. A wata na biyar ya tako da ƙafarsa ya yi wa ma'aikata sallama, har da ledar lemo ya kawo musu. Ɗan kawuna a lokacin ko cokali ba ya iya kaiwa baki da dama. A hanyarmu ta komawa gida ranar, Hajiya mahaifiyarsa ta juyo ta ce masa, "Kai dai ka sa wa ranka kasala ne. Ga ɗan mutane nan, tare kuka kwanta, har ya koma kan sana'arsa." Bai ba ta amsa ba, don maganar ma ba ta gama dawo masa ba. Hawaye kawai na ga yana bin kuncinsa ta gefen da ya karkace.

Hajiya ba da mugunta ta faɗa ba, zafin ciwon ɗa ne. Amma ta yi kuskure, kuma kuskuren na kusan dukanmu ne, domin ba cuta ɗaya ce ta kwantar da samarin nan biyu ba.

Mai Adaidaitan, kamar yadda yayansa ya ba ni labari muna zaune, kwana huɗu kafin ya faɗi wata mota ta buge shi ta baya, wuyansa ya fizgu. Bai ji wani rauni na a zo a gani ba, sai ciwon wuya da na kai da ya ɗauka gajiya ce. Ashe fatar cikin ɗaya daga manyan jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa ce ta tsage, jini ya daskare a wurin, wani ɗan guntu ya ɓalle ya haura ya toshe wata ƙaramar hanya. In ban da wannan tsagewa lafiyarsa ƙalau: zuciya garau, jini bai hau ba, babu suga. Irin wannan rauni yakan haɗe da kansa cikin 'yan watanni, kuma ba kasafai yake dawowa ba. Shi kuwa ɗan kawuna jijiya ce ta fashe can tsakiyar ƙwaƙwalwa, daidai mashigar da saƙonnin motsa hannu da ƙafa suke bi a cunkushe. Hawan jini ne ya yi shekaru yana cin jijiyar ba wanda ya sani, har shi kansa. Ranar da muka kai shi asibiti awonsa ya haura 200. Wancan wayar gida ɗaya ce ta tsinke, wannan taransifoma ce ta ƙone. Ta yaya wutarsu za ta dawo rana ɗaya?

Daga sunan matsalar ta faro. Shanyewar ɓarin jiki sunan ɓarnar da cuta ta bari ne, kamar ka ce gobara. Gobara tana iya tashi daga tukunyar gas, ko tsohuwar wayar lantarki, ko maganin sauro da aka bari a kunne, kuma toka duk iri ɗaya ce. Amma wanda ya sake rufin ɗakinsa ya bar wayar da ta haddasa wutar, kwana nawa ne. Shi ya sa nake ganin idan mutum ɗan ƙasa da shekara hamsin ya faɗi, kafin dangi su tambayi likita ko zai tashi, su fara tsare shi da tambayar me ya kayar da shi. Amsar nan ce take faɗin maganin da zai sha da wanda zai iya halaka shi, da irin saukin da za a sa rai da shi, da kuma ko abin zai sake dawowa. Tsoho ɗan saba'in idan ya faɗi galibi an san inda aka dosa, jijiyoyi sun sha jiki. Matashi kuwa ba ya faɗuwa haka kawai, sai da wani abu takamaimai a ɓoye, kuma yana da shekara talatin ko arba'in a gabansa da abin zai zauna yana dakonsa.

Kada wani ya ce ai ciwon tsofaffi ne. Akwai wani babban bincike da ake kira SIREN, da aka yi a asibitoci da dama na Najeriya da Ghana, ciki har da Kano da Zariya da Ibadan da Kumasi, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yana cikin jagororinsa. A sakamakon da suka fitar a 2018, cikin mutum 2,118 da suka samu shanyewar jiki, 515 ba su kai hamsin ba. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Fiye da rabin matasan nan kuma jijiya ce ta fashe musu, kuma a cikin waɗanda ta fashe wa, tara cikin goma hawan jini ne sila. A Turai da Amurka toshewa ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Don haka idan ka ji ana cewa "ai yaro ne, nan da nan zai warke", maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai da mudun wasu aka auna ta. Fashewa ta fi saurin kisa a kwanakin farko, kuma wanda ya tsallake, warkewarsa ta danganta da yawan jinin da ya zuba da kuma inda ya zuba.

Da ido ba a bambance fashewa da toshewa. Ƙwararren likita ma sai ya ga hoton ƙwaƙwalwa, wanda muke ce wa siti-sikan, kafin ya bugi ƙirji. Amma a unguwanninmu da zarar an ce wane ya faɗi, sai wani mai son taimako ya ruga kemis ya karɓo asfirin, don ya taɓa jin ana ba masu shanyewar jiki. Aikin asfirin hana jini daskarewa ne. Ga mai Adaidaita magani ne. Ga ɗan kawuna, da jini ke tsiyaya a cikin kansa, watsa wa wuta fetur ne. Allah ya taimake mu mai kemis ɗin layinmu bai buɗe ba da asubar nan, don an aika yaro. Ita ma allurar da take narkar da gudan jini, wadda ake yi cikin awa huɗu da rabi na farko a inda ake da ita, ba a taɓa yin ta sai hoto ya nuna ba fashewa ba ce. Tunda na zo nan bari in ƙara da wani abu: da yawan waɗanda suka faɗi haɗiya takan gagare su a kwanakin farko, ruwan da aka ɗura musu sai ya zarce huhu, ya zama wani ciwon da zai iya kisa. A yi masa addu'a, a shafa masa tofi a jiki, amma rubutu da kunu da ruwan zam-zam su jira sai an gwada haɗiyarsa.

Labarin da har yau nake jin ɗacinsa na wata maƙwabciyarmu ne. Shekararta 26, haihuwa ta huɗu. Bayan suna da kamar mako uku ƙafafunta suka kumbura, tana haki ko tsakar gida ta share, da dare ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango. Manyan mata suka ce ai jego ne, a ƙara mata ruwan zafi. Kafin a yi arba'in, tana shayar da jariri hannunta na hagu ya saki, da ƙyar ƙanwar mijinta ta tare yaron. Abin bai yi tsanani ba, cikin mako shida hannun ya dawo har tana tuƙa tuwo. Amma likitan da ya duba ta bai tsaya a hannu ba, ya sa aka yi mata hoton zuciya, ya ce zuciyar ce ta buɗe ta yi laushi. Ya rubuta mata magungunan zuciya da na tsinka jini, ya ce ta riƙa zuwa gwajin jini a kai a kai, kuma ta dakata da ɗaukar ciki. Ta sha na wata uku. Da matata ta tambaye ta me ya sa ta daina, sai ta ɗaga hannun ta juya shi ta ce, "Haba Yaya, ba ga shi ya warke ba? Kullum asibiti, kullum kuɗin mota, ga yara." Shekara ɗaya da 'yan watanni ta biyun ta zo. Wannan karon ɓarin dama ne, kuma ta tafi da maganarta. Tana nan da rai, mahaifiyarta ce take riƙe da yaran.

Hannun aka yi jinya aka bar zuciyar, alhali a zuciya mai laifin yake zaune. Zuciyar da ta yi laushi ba ta iya tunkuɗa duk jinin da ya shigo mata, wanda ya rage sai ya kwanta ya yi guda, wata rana ya ɓalle ya nufi kai. Gudan da ya fito daga zuciya yakan zama babba, ya toshe babbar hanya, ɓarnarsa ta yi faɗi, kuma muddin zuciyar ba ta gyaru ba tana nan tana ƙera wani. Wannan ciwon zuciya na masu jego ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa yawansa a nan ya kere na kusan ko'ina a duniya, suka ɗora zargin a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka yi daga baya ya fi karkata ga talauci da rama da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jiki. Ko ma wane ne mai gaskiya, mai jegon da take haki da kumburi asibiti take bukata.

Haka yake ga yaron da ya sha ciwon maƙogwaro yana ƙarami ba a yi masa maganin kirki ba, cutar ta lalata masa ƙofofin zuciya a hankali, sai yana shekara ashirin da wani abu bugun zuciyar ya rikice, guda ya ɓalle. Shi asfirin bai isar masa ba, maganin tsinka jini mai suna warfarin yake bukata da gwajin jini, wani lokaci da allurar penisilin duk wata. Sai ga shi kuma akwai wata mai jegon da ita ma za ta faɗi, da matsanancin ciwon kai da jijjiga, amma nata jijiyoyin da suke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa ne suka toshe. Irin wannan idan aka gano da wuri aka ba da maganin tsinka jini, mafi yawa suna warkewa sarai. Mata biyu, ɗaki ɗaya, kowacce da jariri a gefe, amma makomarsu ta sha bamban.

Sikila kuwa labarinta daban ne, kuma namu ne fiye da kowa, tunda ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a Najeriya duk shekara. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 1998, ƙarƙashin Dakta Kwaku Ohene-Frempong, haifaffen Ghana, ya nuna kusan 11 cikin 100 na masu sikila mai tsanani suna samun shanyewar jiki kafin su cika ashirin, kusan 24 cikin 100 kuma kafin 45. Wanda ya faɗi sau ɗaya aka bar shi da gashi kawai, galibi zai sake faɗuwa, kuma kowace faɗuwa tana ɗebe wani abu daga jikinsa ko karatunsa. Maganinsa ƙarin jini ne a tsare, ko ƙwayar haidiroksiyuriya. A nan akwai abin alfahari: a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka yi binciken da ya nuna ana iya gano yaran da ke cikin haɗari da wata na'ura da ake ɗora wa a gefen kai, a ba su ƙaramin awo na wannan ƙwaya ta kare su. A garinmu aka yi aikin, amma iyaye nawa ne masu 'ya'yan sikila suka san a nemi wannan gwajin?

Wani abokina likita ya taɓa ce mini ina zuzuta sila da yawa. A ganinsa girman ɓarnar da wurin da ta faɗa da saurin kai mutum asibiti su suke yanke yadda zai tashi. Na yarda da shi rabi. Idan ana maganar ko mutum zai taka cikin wata uku, gaskiyarsa ce, kodayake sau da yawa silar ce take zaɓar wurin da girman. Amma warkewar ɗan shekara talatin ba a wata uku ake auna ta ba. A garin Nijmegen na ƙasar Holan an bibiyi mutanen da suka faɗi tsakanin shekara 18 da 50, sakamakon ya fito a 2013: cikin waɗanda toshewa ta kama suka tsallake watan farko, kusan ɗaya cikin huɗu ya rasu cikin shekara ashirin. Holan fa, inda magani ba ya yankewa. A Helsinki ta ƙasar Finland ma, da aka bi matasa kimanin dubu, an ga waɗanda kitse ya cushe wa manyan jijiyoyi sun fi sauran haɗarin mutuwa da sake faɗuwa. Abin da ya kayar da mutum karon farko shi yake bin sa.

Gaskiya ne kuma wani lokaci a yi duk binciken ba a gano komai ba. A SIREN ma ɗaya cikin biyar na matasan da toshewa ta kama haka aka ƙare da su. Ko hakan ba asara ba ce, don an san zuciya lafiya, ba sikila, ba ƙanjamau, ba tunjere. Akwai kuma tambayoyin da ba a amsa su a gaban uwa ko miji: shaye-shaye, taba, ƙwayar tsarin iyali. Likita mai dabara yakan ce kowa ya fita tukuna.

Saura maganar kuɗi, kuma ita ce babba. Kuɗin hoton ƙwaƙwalwa ya fi abin da tela yake samu a wata, ban musa ba. Amma na zauna na lissafa abin da muka kashe a kan ɗan kawuna a wajen asibiti: mai sayar da wani mai a kwalba da ya rantse kwana arba'in zai miƙe, wanzamin da ya yi masa ƙaho, shatar mota har sau biyu zuwa wani ƙauye wurin mutumin da aka ce yana cire jifa. Da na haɗa, ya biya hoton kai da na zuciya da duk gwaje-gwajen jini, har da canji. Ba na raina addu'a, ni ma da ita na dogara, kuma Annabi ya umarce mu da neman magani. Abin da ba na so shi ne a ce don mutum a bayi ya faɗi to aljani ne ya buge shi, a rufe littafi. Jini ya fi hawa da sassafe, shanyewar jiki ta fi zuwa a wannan lokaci, bayi kuma shi ne wurin farko da mutum yake shiga in ya tashi, ga yunƙuri a kai. Watannin farko uku zuwa shida su ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara, kuma sau da yawa a cikinsu muke yawon ƙauyuka.

Likitocinmu ma da nasu. Na ga katin sallama fiye da ɗaya da ba a rubuta komai a kai ba sai haruffa uku na Turanci, waɗanda ma'anarsu kawai ita ce mutumin ya samu shanyewar jiki. To ai wannan mun sani tun daga gida. Na san layi yana da tsawo kuma likitoci sun yi kaɗan, amma minti biyar ya isa a zaunar da mai jinya a ce masa da Hausa: jijiya ce ta fashe saboda hawan jini, maganin nan har abada ne; ko daga zuciya ne, in ya daina wannan ƙwayar zai sake faɗuwa; ko tsagewa ce a wuya, za ta haɗe, kada ku tayar da hankali. Ita kuma gwamnati, tunda dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shiga tsarin, abu mafi sauƙi shi ne a tabbatar duk ɗan ƙasa da hamsin da ya faɗi an yi masa hoton kai da na zuciya da gwajin sikila ba tare da dangi sun sayar da gona ba. Ya fi araha a kan magidancin da zai yi shekara talatin a kwance.

Sai da na roƙi ma'aikacin gashin ya zaunar da Hajiya, ya zana mata kai a bayan takarda, ya nuna mata inda jinin ɗanta ya zuba da inda na mai Adaidaita ya toshe. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta naɗe ta ta ƙulle a bakin mayafi. Daga ranar ban sake jin ta kira sunan kasala ba. Shekara biyu ke nan. Yana tafiya yana jan ƙafa, maganarsa ta dawo sai dai yakan laluɓi kalma in ya gaji. Ya koma shago, yana yanka da hagu, yara biyu suna hawa keke. Akwai na'urar awon jini a aljihun teburin yankansa, tsakanin almakashi da alli.

Watan jiya ƙaninsa ya biyo shagon karɓar ɗinki, saurayi ɗan shekara 29, ƙaƙƙarfa, yana buga ƙwallo duk yamma. Yayan ya ce masa, "Zo nan, miƙo hannunka." Yaron yana dariya yana cewa "Yaya ni lafiyata ƙalau", ya miƙa. Na'urar ta nuna 164 bisa 102. Aka jira ya huta aka sake, ta nuna 160 bisa 100. Yayan ya karɓe ledar ɗinkin ya mayar ƙarƙashin tebur, ya ce sai ya kawo katin asibiti zai ba shi.